Rukuni Mai Sauƙi Shi Ke Kayar Da Super Eagles

Duk ranar da aka raba rukunan wasannin neman gurbi, akwai maganar da nake fargabar ji a bakin masu son ƙwallo na garinmu, Dogon Daji, kuma ba a taɓa fasa faɗin ta ba: "Ai wanga rukuni mun riga mun wuce." Ita aka faɗa a watan Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta faɗa rukuni na uku tare da Afirka ta Kudu, Benin, Zimbabuwe, Ruwanda da Lesoto a neman zuwa Kofin Duniya na 2026. Masu faɗin haka suna da hujja a takarda. An faɗaɗa gasar zuwa ƙasashe 48, an ba Afirka gurbi tara kai tsaye maimakon biyar na da. A shekarar ne aka naɗa Victor Osimhen gwarzon ɗan wasan Afirka, Ademola Lookman ya gaje shi a 2024. Babu Maroko a rukunin, babu Senegal, babu Masar. Amma aka gama wasa goma muna na biyu, aka tura mu cike gurbi, can ma aka koro mu.

Yawancin mutane suna ɗauka a Rabat aka fitar da mu, daren 16 ga Nuwamban 2025, lokacin da Chancel Mbemba ya buga fenaritin ƙarshe Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta ci mu huɗu da uku. Ni a wurina tikitin ya fara suɓuce mana shekara biyu cif kafin wannan dare, ranar 16 ga Nuwamban 2023, a filin wasa na Uyo, inda Lesoto ta fara zura mana ƙwallo, da ƙyar Semi Ajayi ya farke aka tashi ɗaya da ɗaya. Lesoto fa, ƙasar da jihar Sakkwato kaɗai ta fi ta yawan jama'a. Ranar babu wanda hankalinsa ya tashi sosai. Aka ce wasan farko ne, akwai tara a gaba, za a gyara. Wannan "za a gyara" ita ce ciwon ƙwallon Najeriya, kuma idan ba a magance ta ba, duk rukunin da aka jefa mu gobe haka za ta sake faruwa.

Mu bi lissafin a hankali. Kwana uku bayan Lesoto, aka yi canjaras ɗaya da ɗaya da Zimbabuwe. A watan Yunin 2024 Afirka ta Kudu ta zo Uyo ta tafi da maki ɗaya, sannan Benin ta doke mu biyu da ɗaya a Abijan, bayan mu muka fara ci ta ƙafar Raphael Onyedika. Wasa huɗu, maki uku daga cikin goma sha biyu. Daga nan aka farfaɗo. Osimhen ya ci biyu a Kigali a watan Maris na 2025, amma kwana huɗu bayan haka, a Uyo, muna gaba da ci ɗaya har minti na casa'in, sai Tawanda Chirewa ya ratsa 'yan bayanmu ya farke wa Zimbabuwe. Aka ci Ruwanda ɗaya da nema, aka yi ɗaya da ɗaya da Afirka ta Kudu a Bloemfontein, aka ci Lesoto biyu da ɗaya, aka lallasa Benin huɗu da nema. Jimilla maki 17. Afirka ta Kudu ta wuce da 18.

Maki ɗaya ne tsakani, kuma wannan bayan FIFA ta zabge wa Afirka ta Kudu maki uku saboda ta sa Teboho Mokoena a wasanta da Lesoto alhali yana da katin gargaɗi biyu. An yi mana kyautar da ba kowa ke samu ba, muka kasa cin moriyarta. A Uyo kaɗai mun zubar da maki shida. Da a ce an riƙe ƙwallon nan ɗaya ta Osimhen a gaban Zimbabuwe na 'yan mintuna kaɗan, da muna da 19, da babu Rabat, babu Gabon, babu fenariti. Zimbabuwe ita ta ƙare a ƙarshen rukunin, ba ta ci wasa ko ɗaya ba, amma mun kasa doke ta gida da waje.

Akwai masu cewa an yi wa Afirka ta Kudu gata, tunda Lesoto da Zimbabuwe ba su da filin da hukumar ƙwallon Afirka ta amince da shi, sai suka karɓi baƙuncinta a cikin ƙasarta. Gaskiya ne, kuma tsari ne da ya kamata a duba. To amma mu ma ai mun ci irin wannan gajiyar. Zimbabuwe a Ruwanda ta karɓe mu, Benin a Abijan, Lesoto a Polokwane. A cikin wasanni biyar na waje, sau biyu kawai muka shiga filin da mai gida ke zaune a gidansa da jama'arsa. Ban ga yadda za mu riƙe wannan a matsayin uzuri ba.

Wasan Benin na ranar 14 ga Oktoban 2025 a gidan kallo na gan shi, ɗaya daga cikin waɗanda ke kusa da babban titin Sakkwato zuwa Jega. Lokacin kaka ne, wasu daga gona suka zarce, ƙurar ƙaiƙayi a wuyan rigunansu. Janareta na ruri a bayan zana, benci ya cika har yara suna zaune a ƙasa gaban talabijin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne allon da mai gidan kallo ke rubuta wasannin mako a kai. Wani malamin firamare ya goge shi da hannun riga, ya karɓi alli, ya shiga zana lissafi: idan mun ci da kaza, idan Ruwanda ta riƙe Afirka ta Kudu, idan aka cire makin ta ƙarshe. Wayoyi biyu suna hannun samari ana bin wasan Afirka ta Kudu. Kafin a je hutun rabin lokaci Osimhen ya ci biyu, amma labarin da ke fitowa daga wayoyin ba mai daɗi ba ne, domin su ma can suna cin Ruwanda. Osimhen ya ci ta uku da dawowa, sai aka kira Magariba. Muka fita muka yi salla, muka dawo, malamin yana tsaye a wurin allonsa.

Wani yaro, ɗan wajen shekara goma sha biyu, ya ja shi da riga ya ce, "Malam, mu muka ci ukku, mi muka jira kuma?" Malamin ya ce, "Ɗana, ukku ba ta isa, sai an ƙara guda." Wani dattijo da ke kusa da ni ya girgiza kai ya ce, "Malam, ƙwallo ta koma jarrabawar lissahi ke nan." Gaskiyar malamin ce. Saboda Iritiriya ta janye daga rukuni na biyar, an yanke cewa wajen tantance ƙasashe huɗu mafiya ƙoƙari cikin waɗanda suka zo na biyu, za a cire sakamakon wasan kowa da ta ƙarshen rukuninsa. Mu maki biyu kawai muka rasa, domin biyun muka iya samu a hannun Zimbabuwe. Burkina Faso, da ta yi aikinta ta doke Jibuti gida da waje, ta rasa shida, ta sauko daga 21 zuwa 15, daidai da mu. Ƙwallon da Frank Onyeka ya ci a mintin ƙarshe ita ta ɗora mu a kanta da tazarar ƙwallo ɗaya. An yi ihu har benci ya kife, ni ma na yi. Amma a hanyar gida abin ya dame ni: kasawarmu a gaban ta ƙarshe ita ta buɗe mana ƙofa, ƙwazon Burkina kuma ya rufe mata. Ƙasa mai 'yan wasa irin namu bai kamata ta rayu a kan irin wannan sa'ar ba.

Wanda ya daɗe yana bin ƙwallo ya san wannan tsohon labari ne. A watan Yunin 2005, a filin wasa na Sani Abacha da ke Kano, Jay-Jay Okocha ya fara ci, Angola ta farke, aka tashi ɗaya da ɗaya. Dama ta ci mu ɗaya da nema a Luwanda shekarar da ta gabata. Aka gama rukuni kowa da maki 21, muka fi ta yawan ƙwallaye nesa ba kusa ba, amma doka ta ce a duba karawar da aka yi tsakani, Angola ta tafi Jamus mu muka zauna gida. A lokacin ne shugaban hukumar ƙwallo, Ibrahim Galadima, ya ce zuwa Kofin Duniya ba gādon gidanmu ba ne, aka yi masa ca. Maganar ta yi ɗaci a lokacin da aka faɗe ta, amma shekara ashirin sun nuna akwai gaskiya a cikinta. A watan Oktoban 2011 Gini ta farke mana a mintin ƙarshe a Abuja, biyu da biyu, muka rasa Kofin Afirka na 2012. A watan Satumban 2014, muna riƙe da kofin da Stephen Keshi ya ciyo, Kwango Brazabil ta zo Kalaba ta ci mu uku da biyu a wasan farko na rukuni, ba mu sake miƙewa ba. A watan Maris na 2016 Mohamed Salah ya farke wa Masar ana dab da tashi a Kaduna. A watan Maris na 2022 Gana ta yi ɗaya da ɗaya da mu a Abuja ta wuce Katar, 'yan kallo suka fusata suka farfasa kayan filin. Duba wuraren da kyau: Kano, Abuja, Kalaba, Kaduna, Uyo. Duk a gida ne.

A nan zan ɗan saɓa wa 'yan'uwana na Arewa. Ana yawan cewa da a Kano ko Kaduna ake buga wasannin da ba a zubar da maki ba, domin jama'armu sun fi zafin goyon baya. Ina son a kawo wasa Arewa, kuma ina ganin haƙƙinmu ne. Daga nan zuwa Uyo tafiya ce ta fiye da kilomita dubu, babu saurayin Tambuwal ko Kebbe da zai iya ɗaukar nauyinta don kallon minti casa'in. Abin takaici ne a ce duk faɗin Arewa maso Yamma babu filin da ake kai babban wasan ƙasa a yanzu, kuma filin Giginya na Sakkwato bai ko shiga lissafi. Amma kada mu yaudari kanmu. Ranar wasan Masar a filin Ahmadu Bello, jama'a sun cika har wasu sun hau turakun fitilu, kuma duk da haka an farke mana. A Kano ma haka. Ihun 'yan kallo ba ya tsare gida a minti na casa'in.

Mu leƙa maƙwabta. Daga Sakkwato zuwa Birnin Ƙonni ba nisa, kuma da yawanmu muna da dangi a can, don haka labarin Mena, ƙungiyar ƙwallon Nijar, ba baƙo ba ne a wurinmu. A neman gurbin Kofin Afirka na 2012, Nijar ta faɗa rukuni ɗaya da Masar mai riƙe da kofi, da Afirka ta Kudu, da Saliyo. Babu wanda ya ba ta dama. A ƙarƙashin koci Harouna Doula, ta ci wasanninta uku na Yamai gaba ɗaya, har da Masar da Moussa Maazou ya ci ɗaya da nema, ta kuma sha kashi a duka uku na waje. Maki tara, daidai da Afirka ta Kudu da Saliyo. 'Yan Afirka ta Kudu suka yi canjaras a wasan ƙarshe suka shiga rawa a fili, suna zaton yawan ƙwallaye ake dubawa, ashe karawar tsakani ce, Nijar ta wuce karo na farko a tarihinta. A ranar da hakan ta faru ne Gini ta fitar da mu a Abuja. Nijar ba ta da ko ɗan wasa ɗaya da za a jera da namu na lokacin, amma ta san abu guda: wanda ya zo gidanta ba ya fita da maki. A neman gurbin 2026 kuwa, ba ta ma samu buga wasa a Yamai ba, a ƙasashen waje ta riƙa karɓar baƙi, amma ta doke Zambiya sau biyu, ta zo ta biyu a bayan Maroko da maki 15. Adadin da aka lissafa mana ke nan a teburin na biyu, da duk taurarinmu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, rukunin da aka fi ji mana tsoro shi muka fi wucewa cikin sauƙi. A neman gurbin 2018 an haɗa mu da Kamaru, Aljeriya da Zambiya, kowacce ta taɓa ɗaukar Kofin Afirka. Kowa ya ce mun mutu. Gernot Rohr ya fara da zuwa Ndola a watan Oktoban 2016 ya ci biyu da ɗaya, aka ci Aljeriya uku da ɗaya a Uyo, aka ragargaza Kamaru, wadda ke riƙe da kofin nahiyar, huɗu da nema a Uyon nan dai da ake cewa ba ta karɓe mu ba. Mu muka fara samun gurbi a duk Afirka, saura wasa ɗaya a hannu. Ƙwallon da ta kai mu Rasha, wadda Alex Iwobi ya ci Zambiya a watan Oktoban 2017, ɗan Sakkwato ne ya ba shi ita, Shehu Abdullahi, da ya taso ta gefen dama ya mayar da ita baya. Har yau idan aka ambaci wannan ƙwallon a nan, sunan Shehu ake fara kira kafin na Iwobi, kuma ina ganin mun yi daidai.

Amma a kan Shehun ne kuma aka ga irin sakacin ofis da ke iya kashe ƙasa. An sa shi a wasan ƙarshe da Aljeriya alhali katunan gargaɗinsa sun cika, FIFA ta soke canjaras ɗin ta ba Aljeriya uku da nema. Laifin ba nasa ba ne, aikin masu riƙe da takardu ne su ƙirga kati. Mun tsira ne kawai don mun tara maki tun da wuri. Abin da ya sa kuskuren bai kashe mu ba a 2017 shi ne abin da ya sa bai kashe Afirka ta Kudu ba a 2025: wanda ya ci wasanninsa na farko yana da abin da zai rasa ya kuma tsaya da ƙafarsa.

Me ya sa muke tashi tsaye a gaban Kamaru mu kwanta a gaban Lesoto? Raini yana ciki, kuma ba 'yan wasa kaɗai ke yin sa ba. Hukuma ma tana shirya wa babban wasa, ta bar ƙarami ya shirya kansa. Dubi batun koci. Rukunin 2026 masu horarwa uku suka ja shi. José Peseiro ya yi wasa biyu ya samo maki biyu, ya kai mu wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abijan a watan Fabrairun 2024, kwantiraginsa ya ƙare ya tafi. Aka naɗa Finidi George a ƙarshen Afrilu, 'yan makonni kafin wasanni biyu mafi nauyi a rukunin, ya samo maki ɗaya ya ajiye aiki. A watan Agusta aka sanar da Bajamushe Bruno Labbadia, cikin 'yan kwanaki magana ta wargaje. Augustine Eguavoen ya riƙe na wucin gadi har watan Janairun 2025 da aka kawo Eric Chelle, ɗan Mali. Chelle ya yi wasa shida a rukunin, ya ci huɗu, ya yi canjaras biyu, maki 14 cikin 18. Ina da abin da zan soke shi a kai, musamman yadda ƙungiyar ta ja baya a gaban Kwango da maganar tsafi da ya yi bayan wasan, wadda ba ta dace da shi ba. Amma da irin wannan tafiyar aka fara tun 2023, da ba a yi maganar cike gurbi ba.

Su kuwa waɗanda suka wuce, dubi nasu. Hugo Broos ya riƙe Afirka ta Kudu tun 2021 har ta wuce. Cape Verde, tsibiran da jama'arsu ba su kai miliyan ɗaya ba, sun riƙe Bubista tun 2020, suka bar Kamaru a baya suka tafi Kofin Duniya karon farko. Benin da ta ci mu a Abijan, ta kuma gama da maki 17 kamar mu, Rohr ne kocinta, wanda muka sallama a watan Disambar 2021 bayan ya kai mu matakin ƙarshe na neman gurbin Katar. Mu kuwa kusan duk faɗuwarmu akwai rikicin koci a gindinta. A 2014 an shiga rukuni ba a daidaita kwantiragin Keshi ba, hukumar kanta tana cikin rigimar shugabanci. A 2016 Sunday Oliseh ya ajiye aiki wata guda kafin wasan Masar, yana kukan ba a biyan sa albashi. Manomin garin nan ya san cewa wanda ruwan shuka ya sauka bai tanadi iri ba, ko ya yi noma uku daga baya, ranar ɗaurin dami zai ga bambanci tsakaninsa da maƙwabcinsa. Wasa huɗun farko su ne ruwan shukarmu, kuma mun tsaya neman iri.

Sai batun kuɗi, wanda na gaji da jin sa. Kwana biyu kafin wasan cike gurbi da Gabon a Rabat, 'yan wasa da masu horarwa suka ƙi fita atisaye saboda bashin alawus da suke bi. An ci Gabon huɗu da ɗaya, amma sai da aka shiga ƙarin lokaci, kuma kwana uku bayan nan ƙafafu suka yi nauyi a gaban Kwango. Wasu a nan suna cewa ai yaran nan masu kuɗi ne, me alawus zai ƙara musu, ina kishin ƙasa? Na fahimci zafin mai faɗin haka, musamman wanda ya biya kuɗin kallo daga abin da ya samu a kan babur ranar. Amma haƙƙi haƙƙi ne, kuma a sansanin akwai masu gyaran kaya da masu tausa da ƙananan ma'aikata da ba su da albashin Turai. Shugaban hukumar NFF a lokacin, Ibrahim Musa Gusau, ɗan yankinmu ne, maƙwabcinmu na Zamfara, kuma saboda haka ne ma nake ganin bai kamata mu yi masa kara ba. Da ɗan Kudu ne a kujerar aka rasa Kofin Duniya a irin wannan rukuni, da mun faɗi abin da ke bakinmu. A faɗa masa shi ma, cikin mutunci.

Abu na ƙarshe a cikin fili shi ne dogaro da mutum ɗaya. Wasa biyar Osimhen ya buga a rukunin, muka samu maki 13 daga 15. Wasa biyar bai buga ba saboda rauni, muka samu huɗu, ba mu ci ko ɗaya ba. A wasan Kwango ma, da aka cire shi bayan hutun rabin lokaci, sai gabanmu ya mutu. Wannan yabo ne gare shi, amma tuhuma ce ga duk wanda ya horar da ƙungiyar. Lookman yana nan, Iwobi yana nan, Samuel Chukwueze da Moses Simon suna nan. Matsalar ita ce babu tsarin da aka zauna aka koya na fasa ƙungiyar da ta tara mutum goma a bayanta tana jiran kuskure. Manyan ƙasashe suna fitowa su buga da mu, sai gudun 'yan gabanmu ya yi aiki. Ƙananan kuwa sun gane mu: su toshe, su ɓata lokaci, su jira kwana ko bugun tazara guda. 'Yan wasanmu suna sauka daga Turai kwana biyu ko uku kafin wasa, su tarar da mutanen da suka daɗe suna buga wa juna. Haka Afirka ta Tsakiya ta ci mu a Legas a 2021, haka Gini Bisau ta ci mu a Abuja a 2023. Wannan aikin koci ne da ya daɗe da ƙungiya, ba a koyar da shi a atisaye uku.

To yaya damarmu take a gaba? Kofin Afirka na 2027, wanda Kenya, Tanzaniya da Yuganda za su karɓi baƙunci, ina sa ran za mu je. Gasar ƙasashe 24 ce, kuma tun da aka faɗaɗa ta a 2019 ba mu rasa ba. Abin da nake tsoro shi ne wannan sauƙin ya rufe mana ido, kamar yadda zuwa wasan ƙarshe a Abijan ya sa aka manta da Lesoto da Zimbabuwe, kamar yadda tagullar da aka samo a Maroko a farkon 2026 za ta iya sa a manta da Rabat. A cikin gasa, inda ake tara 'yan wasa wata guda a wuri ɗaya, Najeriya tana da ƙarfi, babu mai musu. Rukunin neman gurbi kuwa wata aba ce daban: shekara biyu, wasa biyu yau, biyu bayan wata huɗu, tafiye-tafiye, rauni, takardu. Nan ake gwada hukuma fiye da yadda ake gwada ƙafar ɗan wasa. Babbar jarrabawar ita ce ta 2030, kofin da za a yi a Maroko, Sifen da Fotugal. Tun da muka fara zuwa a 1994 ba mu taɓa rasa biyu a jere ba sai yanzu. Yaron nan da ya ja rigar malami bai mallaki hankalinsa ba lokacin da Ahmed Musa ya ci Iceland biyu a 2018. Idan aka sake faɗuwa, zai yi aure bai ga tutar ƙasarsa a Kofin Duniya da wayonsa ba, kuma kada a yi mamaki idan Arsenal ko Barcelona ta fi Super Eagles daraja a zuciyarsa.

Saboda haka ina roƙon 'yan jaridarmu na wasanni, na rediyo da na takarda, su canza irin tambayar da suke yi. Ranar da aka raba rukuni, a daina ɓata lokaci wajen jera sunayen taurarinmu da na abokan karawa. A je wa hukumar da tambayoyin da za a iya amsawa da e ko a'a tun kafin a busa usur na farko. Kocin da zai fara rukunin, an sa hannu da shi har zuwa wasa na goma, kuma an biya shi na watan jiya? Bashin alawus na baya an share shi, ko za a sake jin labarinsa a jajibirin wasa? Wane ne aka ɗora wa ƙirga katunan gargaɗi? An tura wani ya kalli ƙaramar ƙasar da za mu fara karɓa, ya kawo rahoton yadda take tsare gida da wanda ke buga mata kwana? Gwamnonin Arewa maso Yamma su ma akwai tasu tambayar: a cikinsu wa zai gyara fili guda, a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, har hukumar ƙwallon Afirka ta amince da shi kafin a fara neman gurbin 2030?